Kafaɗar Mace ta Goma Sha Huɗu

Ranar Litinin da hantsi wani mutum mai farin takalmi ya shigo shagona. Ina tsaye a bakin teburi ina datse gefen wasu katunan makaranta, fanka na kaɗa guntayen takarda a ƙasa. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, bai nemi kujera ba, bai tambayi farashin komai ba. Kai tsaye ya wuce gaban fostar da na manna a bango, mai ɗauke da zanen mata a jere, ya harɗe hannayensa a baya, ya tsaya yana kallonta kamar mai neman sunansa a jerin waɗanda suka ci jarrabawa.

"Ke kika zana wannan?"

"Ni ce," na ce, har da ɗan gyara tsayuwa, don ni dai ba a taɓa yabon aikina na ce a bari ba.

"Kina da hannu, gaskiya. Ba fuska, ba ido, ba hanci, amma mutum ya kalla sai ya ji kamar ya san su." Ya miƙa yatsa ya ɗora a kan ɗaya daga cikinsu, a layi na uku. "Musamman wannan."

Yatsansa na kan mace ta goma sha huɗu, daidai kafaɗarta ta hagu.

Bari in koma baya kaɗan. Sana'ata tsara takarda ce. Ka kawo mini rubutun da ba mai karanta shafi biyu bai yi hamma ba, in mayar maka da shi abin da ido zai so: launi, zane, jadawali, babban harafi inda ya dace. Wata biyu kafin wannan Litinin ɗin, wata mata da kowa ke kira Dakta ta kawo mini aiki mafi girma da na taɓa samu. Ita ke jagorantar wata ƙungiya mai bincike a kan mata da shugabanci. Shekara guda ta yi tana bin matan da suka kai manyan kujeru a asibiti, banki, makaranta da kamfanoni, tana sauraron abin da suke haɗiyewa a kan kujerun nan. Mata ashirin da biyu suka yarda suka yi magana, bisa sharaɗi ɗaya: kada a san su.

"Ki ji ni da kyau," in ji Dakta, ranar da ta miƙo mini rubutun. "Ba suna, ba hoto, ba sunan wurin aiki. Lamba kawai. Akwai waɗanda in aka gane su, ba aiki kaɗai za su rasa ba."

"Na ji, Dakta."

"Ki ɗauko irin hoton macen nan da ake sawa ko'ina, ki maimaita shi sau ashirin da biyu, kowane da maganarsa a gefe. Shi ke nan."

A nan muka raba hanya da ita, ko da yake ba ta sani ba. Na tsani macen nan. Kun san ta ai: kai kamar ƙwallo, siket mai kusurwa uku, ƙafafu biyu tsilli-tsilli. Macen ƙofar banɗaki. A ce mata ashirin da biyu sun cire tsoro sun faɗi abin da ke cin su, ni kuma in jera su kamar ƙofofin banɗaki? Wallahi ba da hannuna ba. Na yanke shawarar yi wa kowace inuwarta: baƙin zane mara fuska, amma tsayuwarta daban, ɗaurin kanta daban, faɗin jikinta daban. Da na kai wa Dakta ta gani, ta daɗe tana kallo, tana bin su ɗaya bayan ɗaya da bayan biro. Sannan ta tambaye ni daga ina na samo siffofin.

"Daga kaina," na ce.

A kan guda ashirin da ɗaya ban yi ƙarya ba. Na ari wuyan mai sayar da katin waya ta bakin titinmu na haɗa da ƙugun wata malamarmu ta firamare, na ɗauki tsayin wannan na ba waccan. Ko masu jikin suka gani ba za su gane kansu ba. Ta goma sha huɗu ce kaɗai na zana mutum guda tun daga kai har ƙafa.

Ga abin da aka rubuta a ƙarƙashin lambarta: Babbar ma'aikaciya, kamfanin sufuri. "Kujerar tawa ce, amma hannuna suke so, ba idona ba. Da safe ake kawo mini takardun shaidar an duba burki da tayoyin motocin da tuni sun bar tasha da fasinja. In na ce sai na ga mota, a ce mata akwai jan magana. Ina sa hannu. Kullum na ji jiniyar motar asibiti sai in ce ko motarmu ce ta faɗi."

Sau uku na karanta. Yayata shekararta goma sha tara tana aiki a wani kamfanin motocin dogon zango, kuma shekara shida ke nan da aka ba ta shugabancin sashen duba lafiyar motoci. Ita ce mace ta farko a kujerar. Ba ta taɓa kawo maganar aiki gida ba, sai dai ta dawo ta nemi maganin ciwon kai ta kwanta. Na san kamfanonin sufuri sun fi a ƙirga, amma zuciyata ta riga ta yanke hukunci. Yaya ce. Wa zai iya wannan magana in ba Yaya ba? Na zauna a gaban kwamfuta ina hawaye, rabi tausayi, rabi alfahari.

Yaya tana da alama a jiki, kuma ni ce sanadi. Ina da wata takwas, tana da shekara tara, ta goya ni tana saukowa daga bene ƙafarta ta zame. Maimakon ta faɗi ta baya a kaina, sai ta murɗa jiki ta faɗi da kafaɗa. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Ita ƙashi ya karye, ɗorin kuma bai zauna daidai ba, tun daga nan kafaɗarta ta hagu ta sauka da kamar faɗin yatsu uku. Har yau in na ɓata wa Mama rai cewa take, "Auta, ke dai tun da kika hau kafaɗar yarinyar nan ba ki sauka ba." Sannan Yaya na da ɗabi'ar soke biro a ɗankwalinta, ta saman kunnen dama. Ko wurin biki ta je, in ka duba da kyau za ka gan shi.

Na zana kafaɗar. Na zana biron, ɗan siririn layi da ya leƙo ta saman kunne. Na ce wa kaina kyauta ce tsakanina da ita: za ta buɗe rahoton ta ga kanta, ta san na sani, ta san ina alfahari da ita, ba sai mun yi magana ba. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa direbobi da makanikai sama da ɗari huɗu sun shekara goma sha tara suna kallon kafaɗar nan tana ratsa filin tasha safe da yamma. Abin da na gani kawai shi ne layin ya yi kyau. Cikin duka ashirin da biyun ita ta fi rai, shi ya sa ma na ƙara mata girma a fosta.

Ranar Alhamis aka ƙaddamar da rahoton. An buga kwafi dubu biyu, an raba fosta, kafin yamma hoton ya shiga wayoyin mutane. Kwana huɗu ina jiran Yaya ta kira ni, ba ta kira ba. Sai ga mai farin takalmi.

"Ana samun kwafi a nan?" ya tambaya, bai ɗauke yatsansa daga bangon ba.

Na ɗauko ɗaya daga cikin biyar da Dakta ta ba ni na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, cikin ladabi, ya ɗago ya ƙare mini kallo.

"Kina kama da wata da na sani. Goshin nan." Ya yi murmushi. "A gaida mutanen gida."

Na bi shi da ido ta gilashin ƙofa. Ya tsallake kwata a hankali don kada takalmin ya ɓaci, ya shiga wata koriyar mota. A jikin ƙofarta akwai tambarin taya mai fikafikai, tambarin kamfanin su Yaya. Wuƙar datse takarda ta suɓuce daga hannuna.

Sau biyar na kira Yaya ba ta ɗauka ba. A na shida saƙo ya shigo, kalma biyu: "Ina aiki."

Na koma kan kwamfuta na buɗe zanen. Na kama kafaɗar na ja ta sama har ta yi daidai da 'yar'uwarta, na goge biron. Minti uku bai cika ba. Abin da mai ɗori ya kasa yi shekara da shekaru, na yi shi da ɗan yatsa ɗaya, kuma bai amfana wa kowa komai ba. Duk da haka na kwafe shi a waya, na rufe shago na nufi ofishin Dakta.

Ta saurare ni a tsaye. Da na kai wurin kafaɗar sai ta je ta rufe ƙofa, ta dawo ta zauna.

"Wace ce?"

"Yayata ce, Dakta. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"A ina take aiki?"

Na faɗa mata. Ta cire tabarau ta ajiye a kan teburi, ta dafe goshi da hannu biyu.

"Na tambaye ki. Da bakina na tambaye ki daga ina kika samo su. Na zauna na duba zanen nan ɗaya bayan ɗaya kafin in amince, na tabbatar babu wadda..." Sai ta haɗiye sauran maganar.

"Ita ce ko, Dakta? Yaya ce ta goma sha huɗu?"

"Ba zan ce miki ita ce ba, ba zan ce miki ba ita ba ce. Ko uwar da ta haife ni ta tambaya, amsar ke nan."

Na nuna mata sabon zanen a waya. Na ce a sauke tsohon daga intanet a sa wannan, yanzu-yanzu. Ta kalle shi, ta ture wayar gefe.

"In muka canja wannan kaɗai, mun buga ganga mun ce akwai abin ɓoyewa a nan. In muka canja duka, kwafi dubu biyun da ke hannun mutane fa? Za ki bi su gida-gida da abin gogewa?" Ta jawo wayarta. "Zan nemi lauyanmu. Ke kuma ki je gida, kada ki yi magana da kowa, kada ki ƙara gyara komai. Kin yi gyaran da ya isa."

Na fito raina a ɓace. Har a kan hanya ina ƙunƙuni, ina cewa ita ma ai ta gani ta amince. Haka nake, in na yi laifi sai na fara neman wanda zan raba da shi.

Washegari na je wurin Mama, don na kasa zama a shago. Na same ta a falo tana tsintar shinkafa, ga wani kwalin lemon kwalba a gefen kujera, an buɗe an sha biyu.

"Wa ya kawo miki wannan, Mama?"

"Mutanen wurin aikin yayarki. Shekaranjiya Lahadi suka zo gaishe ni, su biyu. Yaran kirki, wallahi. Ɗayan nan mai farin takalmi har ƙasa ya durƙusa."

Na zauna a hannun kujera.

"Me suka ce?"

"Hira kawai. Wai kamfani na so ya karrama tsofaffin ma'aikata, suna tattara tarihinsu. Suka tambayi 'ya'yana nawa, kowa me yake yi. Na ce autata mai zane ce, ga shagonta can kusa da gidan mai. Har labarin kafaɗar nan na ba su, suka yi ta dariya, shi mai takalmin yana cewa ashe ƙanwar ce ta karya ta." Ta ɗago ta dube ni. "Lafiya? Kin yi wani iri."

"Lafiya lau, Mama. Rana ce."

"To sha lemo mana."

Ban sha ba. Na zauna ina kallon kwalin har ta gama tsintar shinkafarta.

Ranar Laraba na kasa haƙuri, na karya umarnin Dakta na tafi tashar kamfanin. Fili ne babba mai warin man dizal, dogayen motoci a jere, masu kaya na kai da kawowa. Maigadi ya san ni, kullum sai ya tsokane ni da "ƙanwar Madam", amma ranar ya buɗe ƙofa bai dube ni ba.

A bakin ginin ofis akwai allon sanarwa mai gilashi, inda ake manna jadawalin direbobi. A tsakiyarsa aka manna shafina. An ƙara masa girma da injin kwafi har baƙin ya yi dabbare-dabbare, an zagaye kafaɗar da jan biro, an kuma ja layi a ƙarƙashin "Ina sa hannu." Ba a rubuta suna ba, ba a bukata. Makanikai uku na tsaye a gabansa, da suka gan ni suka watse.

Ina nan tsaye wata mata ta fito daga gareji, sanye da shuɗiyar rigar aiki da ba ta rufe tsohon cikinta ba. Na san ta sama-sama: Injiniya ake ce mata, ita ke kula da gyaran motoci, Yaya ta taɓa kawo ta gidanmu. Ta zo wucewa ta gaban allon da fayil a hannu, ta kau da kai gefe kamar an ce mata wuta ce a wurin. Na gaishe ta, ta amsa da ka, ta ƙara sauri.

Na hau bene. Ƙofar ofishin Yaya na rufe da sabon kwaɗo, ko takardar farashin ba a ɓare daga jikinsa ba. Ita kuma tana zaune a kan bencin baƙi a baranda, jakarta a kan cinya, bayanta a miƙe. Masinja ya zo ya wuce ta da tiren shayi bai ce mata komai ba.

"Tun yaushe kike nan, Yaya?"

"Tun Litinin. Ƙarfe takwas zuwa huɗu."

"A kan bencin nan?"

"An ce ana gyaran ofis."

Sai na ji wata murya a bayana.

"A'a, mai zane! Kin zo ganin aikinki? Mun ba shi wuri mai kyau ai." Mai farin takalmi ne, da ambulan a hannu. Ya miƙa wa Yaya da hannu biyu, kamar yadda ya karɓi rahoton a wurina. "Madam, gobe ƙarfe goma ne. Kada ki wahalar da kanki da tuƙi, ni zan zo in ɗauke ki."

Ya wuce. Yaya ta sa ambulan a jaka ba ta buɗe ba.

"Auta, tafi gida. Ki zo mini gobe ƙarfe bakwai."

Bakwai saura na isa. Yaranta sun tafi makaranta, mijinta na zaune a waje a kan kujerar roba, rediyo a hannu amma a kashe. Ya amsa gaisuwata da kyar. Na same ta a ɗaki tana guga, ta shimfiɗa tawul a kan teburi, tana bin hannun wata riga ruwan toka a hankali. Wasiƙar na kan gado a buɗe, ta yi mini nuni da ita da haɓa.

Takarda biyu ce. Ta farko sammaci ne zuwa gaban kwamitin ladabtarwa, bisa zargin ɓata sunan kamfani. Ta biyu an riga an buga ta da sunanta, wurin sa hannu kawai aka bari: cewa ba ita ce ta yi maganar ba, maganar ƙarya ce, kuma za ta taimaka wa kamfani ya gano mai ita. A ƙasan sammacin an ƙara layi ɗaya. In ta amsa cewa ita ce, kamfani zai miƙa wa hukuma duk takardun duba motoci masu ɗauke da sa hannunta na shekara shida, a matsayin sakacinta ita kaɗai.

Na durƙusa a gabanta. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu.

"Yaya, ki yafe mini. Ni na ja miki. Na karanta maganarki, na ji kamar zuciyata za ta fashe don alfahari, na ce bari in... Wallahi kyauta na yi niyya. Ki bar ni in bi ki. Zan gaya musu ni na ƙirƙiro zanen, ban san kowa ba, ban san komai ba, hannuna ne ya saba da siffarki. Ke kuma ki sa hannu a takardar nan ki ce ba ke ba ce. Ba su da wata shaida sai zane."

Ta jingine dutsen guga, ta zare wayarsa daga bango, ta naɗe ta a hannu.

"Ba ni ba ce, Auta."

"Eh, haka za ki ce musu."

"Ke nake gaya wa. Ba ni ba ce."

Na ɗago na dube ta. Fuskarta ba wasa.

"Matar nan Dakta ta kira ni a waya sau biyu, bara. Na farko na ce ina taro. Na biyu na kashe wayar, na toshe lambarta. Ko fuskata ba ta taɓa gani ba. Tsoro na ji." Ta zauna a bakin gado. "Shekara shida ina sa hannu a takardun nan, ban taɓa buɗe baki ba, ko ga mijina. Ke kika karanta maganar mai ƙarfin hali kika ce ai Yaya ce. Na gode da zato."

Sai a lokacin maganar da Dakta ta haɗiye ta dawo mini. Ta duba zanen ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar babu wadda ta yi kama da mai maganarta. Shi ya sa ta amince. Ta goma sha huɗu ba ta yi kama da matar da ta zauna da ita ba ko kaɗan.

"To ai shi ke nan, Yaya!" Na miƙe tsaye. "Gaskiya ce ma za ki faɗa! Ki sa hannu, ba ke ba ce!"

"Zauna."

Na zauna.

"Takardar duba mota hannu biyu ake sa mata. Nawa, da na mai kula da gareji. Mu biyu ne mata a duk kamfanin da muke riƙe biro a kan takardar nan. Zanenki ya riga ya gaya musu maganar daga gidansu ta fito, kuma sun san gaskiya ce, shi ya sa suka haukace. In na ce ba ni ba ce, na ce wace ce?"

Na tuna shuɗiyar riga, da cikin da ya turo ta, da yadda ta kau da kai daga allon.

"Wata mai zuwa za ta haihu," in ji Yaya. "Tana da biyu a ƙasa. Mijinta direbanmu ne, rana ɗaya za a kore su. Kuma ita ba kora kaɗai za su yi mata ba, ba ta da shekara goma sha tara da za su ji kunya. Jiya ta biyo ni banɗaki tana kuka, wai za ta je ta faɗa. Na ce in ta kuskura, ba ni ba ita."

"Amma Yaya, kotu fa suke nufi. Za su ɗora miki komai."

"Hannuna ne a kan takardun ko ba nawa ba?"

Na sunkuyar da kai.

"To. Wannan dai ba ke kika zana shi ba."

Ta tashi ta sa rigar, ta tsaya a gaban madubi ta ɗaura ɗankwali. Ina kallon bayanta, hannun rigar na hagu ya ɗan zarce na dama, kamar kowace riga da ta taɓa sawa. Kuka ya ƙwace mini, irin mai sauti, mara kyan gani. Na ji haushin kaina, na ji haushin hannuna, har Dakta da bincikenta na ji haushi. Yaya ba ta rarrashe ni ba.

"Ki saurara, don ba lokaci. Ba za ki je wurinsu ba. Ba za ki gaya wa Dakta abin da na gaya miki ba, ta riga ta sani, kuma ta iya bakinta. Mama kuma ki bar ni da ita. Duk wanda ya tambaye ki, har ranar da za ki mutu, ta goma sha huɗu yayarki ce. Kin ji?"

"Na ji."

"Maimaita."

"Ta goma sha huɗu yayata ce."

Aka yi hon a waje, sau ɗaya, gajere. Ko tara ba ta yi ba. Na leƙa ta taga: koriyar motar ce, an buɗe ƙofar baya an bar ta a buɗe. Yana tsaye a gefe yana gaisawa da mijin Yaya hannu biyu, wani mutum da ban sani ba kuma na zaune a kujerar baya, ya matsa can ciki ya bar wuri.

Yaya ta ɗauki jakarta. Ta ɗauki sammacin ta ninke ta sa a ciki, ta bar ɗaya takardar a kan gado. Daga kan teburi ta ɗauki biro ta soke a ɗankwali ta saman kunne, hannunta ya yi da kansa kamar kullum. Ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya, ta zare shi, ta juyo ta miƙo mini.

"Riƙe mini. Yau ba zan sa hannu a komai ba."

Na bi ta har bakin ƙofar gida. Ta ratsa tsakar gidan ba sauri ba nawa, kafaɗar hagu a ƙasa, daidai yadda na zana ta, ban kuskure ko layi ɗaya ba. Mai farin takalmi ya rusuna mata, ya jira ta shiga, ya rufe ƙofar a hankali. Motar ta juya ta bi titi, ni kuma ina tsaye da biron a hannu, da sauran ɗumin kanta a jikinsa.